Shuɗin Takarda ta Sha Ɗaya

Litinin, 21 ga Mayu 1973, bayan la'asar

Na buɗe wannan kaye, littafin rubutuna, don zanen Malam Illa ne, ba don kaina ba. Wanda ya tsince shi wata rana ya sani, ni Suma'ila ne, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a unguwar Birni, nan Damagaram, kuma ba ni da lokacin rubuta shirme.

Malam Illa mutumin Damagaram Takaya ne, ya rasu tun ina goye. Mawaƙi ne, amma ba irin masu bin ƙofar manya ba. Cewa yake ana nuna masa abubuwa ido biyu, da rana tsaka, sai ya zauna ya rubuta waƙa da ajami a gefen takarda, a tsakiya kuma ya zana abin da ya gani. Malamai suka hana shi limanci saboda zanen mai rai, mutanen gari suka ce taɓaɓɓe ne. Ƴarsa Hajjo, wata tsohuwa mai kaɗi a Zango, ita ta ba ni gafakarsa watan jiya. Ta ce gara na cin takardun da ke ciki, in kwafe abin da zan iya kafin ta ƙarasa. Takardu goma sha uku ne.

Wata guda ina zura musu ido, yau dai na kama bakin zaren. Sirrin yana ga launi. Baƙi na mutane ne da dabbobi. Ja na azaba ne. Rawaya ta ƙasa ce da yunwa. Shuɗi kuwa, duk inda ya fito, ruwa ne ko rahama. Na bi su tun daga ta fari har ta goma, bai saɓa ba ko sau ɗaya. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Yara uku sun faɗi a aji yau saboda yunwa. Darakta ya ce a riƙa sallamarsu da ƙarfe sha ɗaya.

Talata, 22 ga Mayu, da azahar

Takarda ta huɗu: wani mutum a tsaye da rijiya a ƙirjinsa, mata suna jan guga daga cikinta. Ruwan shuɗi ne. Fuskarsa ba ka cewa kuka yake ko dariya. Ina jin Malam ne da kansa, yana nufin waƙa ciwo take masa amma wasu ke sha.

Ta shida: kura da rawani, ta rungume ƙwaryar awo, an zagaye ta da ja. Wannan ba ta bukatar wani dogon bayani. Na san mutum uku a kasuwa masu wannan fuskar, Allah ya isar wa talaka.

Ta tara: shanu kwance kewaye da rijiya, ungulaye a kansu, ungulayen da hannuwa irin na mutane. Ta goma: jerin mutane sun nufi kudu da ƙulli a ka, ba a yi wa ko ɗayansu ƙafa ba. Da na tashi daga lakwal na bi ta hanyar Tanut. Wallahi abin da ke takardar shi ne a hanyar.

Sai ta sha ɗaya. Gara ta cinye gefenta, ba sauran waƙa ko baiti ɗaya, zanen kaɗai ya rage. Gona ce rawaya, ta tsattsage. A ƙarƙashin ƙasa ga ɗigo-ɗigo a jere. Daga sama ga shuɗi yana zubowa, ya cika takardar, a karkace kamar iska na kaɗa shi. Wani mutum ya ɗaga hannu biyu sama. A kusurwa ga jinjirin wata.

Bayan mushen shanu da gudun yunwa, sai shuɗi. Ni dai na gane.

Alhamis, 24 ga Mayu, da magariba

Ranar kasuwa. Yayata Lami da mijinta Gambo sun zo daga Tirmini, da ƴarsu Bintu. Shekararta huɗu amma Yaya goya ta take. Ta ce mini "Kawu" sau ɗaya, ta mai da kai ta kwantar.

Da faɗa suka shigo. Abin da ya rage musu a duniya shi ne irin gero, tiya goma sha huɗu, a tukunya da Gambo ya liƙe da laka tun kaka. Shi yana so ya yi binne, ya zuba irin a busasshiyar ƙasa ruwan fari ya same shi a can. Yaya ta ce a fasa tukunyar a riƙa dama wa yarinya kunu.

"Jar dawar taimako ba ta zama a cikinta," in ji Yaya. "Tana sha tana zawo. Gero kaɗai cikinta ke riƙewa."

"In muka cinye iri, baɗi mu ci me?" in ji Gambo.

"Kai ta baɗi kake?"

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya! Ba wanda ya tambaye ni. Na tashi na ɗauko gafaka, na baje takardun a tabarma, na shiga bayani kamar ina gaban allo. Ga shanu, ga masu gudu, duk kun gani da idonku. To ga abin da ke biye. Ɗigon nan iri ne da aka binne. Shuɗin nan ruwa ne. Mutumin nan godiya yake wa Allah. Jinjirin watan nan lokaci ne.

Gambo ya daɗe a tsugune yana kallo. Ya ce, "Mushe, ka tabbata?"

Na ce shuɗi bai taɓa saɓawa ba.

Yaya ta ce, "Suma'ila, zanen mahaukaci za ka ciyar da mu?" Na ji haushi, na ce mata abin da ba ta karanta ba ta bar wa waɗanda suka karanta. Ta dube ni kawai, ta gyara goyonta.

Gambo ya ce in wata ya tsaya zai shuka, ran Lahadi ta sama ke nan. Na ba su ɗan abin da nake da shi, wanda na san ba zai kai mako ba.

Asabar, 26 ga Mayu, da hantsi

Sama fes, ko gizagizai babu.

Laraba, 30 ga Mayu, bayan la'asar

Na je Zango wurin Inna Hajjo. Wata kalma ce ta gagare ni a takarda ta bakwai, na ce ko ta tuna. Gaskiya kuma so nake ta ji abin da na gano.

Na same ta a rumfa tana kaɗi. Na yi ta zuba, ja kaza, rawaya kaza, tana cewa "to, to". Da na zo ta sha ɗaya ta ajiye mazari.

"Matso da ita nan, ɗana." Ta kai takardar dab da idonta, ta yi wata ƴar dariya marar daɗi. "Wayyo, shunin Inna."

"Wane shuni?"

"Na kitsonta mana. Shekarar fara ce, ina budurwa, ni ke niƙa masa launi. Karan dafin da yake yin ja da shi, fara ta cinye tun a gona. Gangamau kuwa ɗan guntu ya rage, ya ƙarar a ƙasan nan, fataken Kano ba su zo ba balle a saya. Sai ya ɗauke wa Inna shunin da take shafa wa kai. Har faɗa suka yi."

Na ce, "To amma ruwan nan da ke zuba..."

"Wane ruwa? Fara ce. Ba ka ga ƙafafu ba? Shi da ja ya so ya yi ta."

Na tambaye ta ɗigon da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta ce ƙwan farar ne. Mutumin kuwa ƙanin innarta ne, kora yake da hannu don ya rasa abin yi. Ta ce, "Wasu nuna masa aka yi, wasu kuma a ƙofar gidanmu ya gan su. Wannan ta ƙofar gida ce."

Ta kawo mini ruwa a moɗa, na sha, na yi godiya. Kalmar da ta kai ni ma ban tambaya ba.

Alhamis, 31 ga Mayu, da azahar

Na shiga kasuwa. Na ga mutanen Tirmini wajen ƴan itace, har mun gaisa da biyu. Ɗaya ya ce, "Ai Gambo ya faɗa mana a masallaci, ya ce Mushe ya karanta a takarda." Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ban ba su saƙon abin da Inna Hajjo ta faɗa ba.

Bari in rubuta dalili, don ina da dalili.

Na farko, tsohuwar nan shekara arba'in da wani abu ke tsakaninta da abin da take faɗa, ga ido ya tafi. Na biyu, a ce ma gaskiya ne shunin kitso ne. To wa ya sa ja ya ƙare a daidai wannan takarda? Wa ya kai hannunsa kan shuni? Mutum irin Malam Illa hannunsa ba nasa ba ne. Yana iya nufin fara, abin da ke jan hannunsa ya nufi ruwa. Ita mai niƙa launi ce, ba mai fassara ba. Na uku, binne ba ni na ƙago shi ba, kakanninmu sun yi. Gambo da niyyarsa ya zo.

Na huɗu, in na je yanzu in ce musu me? In tsaya gaban Yaya in ce kuskure na yi?

Kai, kaina ciwo yake.

Juma'a, 1 ga Yuni, bayan masallaci

An yi roƙon ruwa. Ana zancen kamiyon hatsi, babbar motar kaya, zai bi ta Tirmini gobe, direban ɗan unguwarmu ne.

Asabar, 2 ga Yuni, da magariba

Ina da kayen yara da ban duba ba, shi ya sa ban bi kamiyon ba. Wata ya tsaya.

Lahadi, 3 ga Yuni, da hantsi

Yau suke shuka.

Laraba, 6 ga Yuni, bayan la'asar

Na koma kan takarda ta huɗu, mai rijiya a ƙirji. Na kwafe baiti tara. Ban buɗe ta sha ɗayar ba.

Asabar, 9 ga Yuni, da la'asar sakaliya

Ruwa! Alhamdu lillahi, ruwa! Hadari ya taso daga gabas bayan azahar, ya zuba. Bai kai a ce kwararo ya ɗauka ba, amma ƙasa ta jiƙa, ƙamshinta ya cika gari. Yara tsirara a titi, mata na tara ƙore a bakin indararo. Na tsaya a tsakar gida da rigata har ta manne mini, ina dariya ni kaɗai kamar zautacce.

To Inna Hajjo, ina farar taki? Kwana shida da shuka! Na faɗa, hannunsa ba nasa ba ne.

Yau zan ci abinci da daɗi. Rabona da haka tun waccan Laraba.

Alhamis, 14 ga Yuni, da azahar

Gambo ya aiko. Iri ya tsiro, gona ta yi kore layi-layi. Ya ce a gaya wa Mushe Allah ya ƙara basira. Ɗan saƙon bai ambaci yarinya ba, ni ma ban tambaya ba.

Lahadi, 17 ga Yuni

Kwana takwas ba ruwa.

Laraba, 20 ga Yuni, da hantsi

Kwana sha ɗaya. Hadari ya haɗu jiya, iska ta watsa shi. Wani dattijo a bakin lakwal yake cewa gara ma a ce ba a yi ruwan nan ba sam. Iri in bai tsiro ba yana iya jira a ƙasa, in ya tsiro kuwa ba ya komawa. Na daka masa tsawa, na ce ya rufe mana baki. Mutumin sa'an babana ne, kuma bai yi mini kome ba.

Lahadi, 24 ga Yuni, da magariba

Na je Tirmini.

Gambo ya kai ni gonar. Tsiron ya kai tsawon yatsa ya tsaya, ya naɗe, ya bushe. Ka taɓa shi ya murmushe a hannunka. Muka bi layi har ƙarshe, muka komo ta wani layin. Ya tsuguna ya tona rami ɗaya, ko akwai ƙwayar da ba ta fashe ba. Babu.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa wa ranka, Mushe. Kai ka faɗi abin da ka gani, kuma ai ruwan ya zo. Allah ne bai nufa ya ɗore ba."

Na ce haka ne.

A gida Yaya na tafasa ganye. Tukunyar irin na nan a kife a gindin danga. Bintu na kwance a inuwa, gashinta ya yi ja ya zube, ƙafafunta sun kumbura. Ba ta ce Kawu ba. Na ce su taho Damagaram a kai ta gidan likita. Yaya ta ce to, ba ta ɗago kai ba.

Talata, 26 ga Yuni, bayan azahar

Akwai gilashin ƙara girma a akwatin kayan kimiyya na lakwal. Na aro shi.

Kowane ɗigon shuɗi yana da ƙafafu biyu a lanƙwashe a bayansa. Kowane ɗaya. Mutumin nan ya zauna cikin yunwa da tsinken kara ya yi wa ɗaruruwan fara ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ɓata. Na ƙirga har ɗari da sittin na bari. Bakin mai ɗaga hannun a buɗe yake, haƙoransa a waje. Ba wanda ke godiya da irin wannan bakin.

Fiye da wata biyu takardar nan na gabana. Na tsani kaina, na kuma tsani wannan kaye.

Juma'a, 29 ga Yuni, da hantsi

Sun iso jiya da yamma, a ƙafa. Jakinsu ya mutu tun watan jiya. An karɓi Bintu a gidan likita, a baranda, don ɗakuna sun cika.

Lahadi, 1 ga Yuli

Ta sha cokali uku.

Litinin, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Na zagaye gari neman gero, na samo kaɗan wurin wata mata a Kara-Kara. Yaya ta dama. Mai ba da magani ya ce an zo da ita a makare, da tun wata guda ne da sauƙi. Ya faɗa ne kawai yana wucewa.

Talata, 3 ga Yuli

Cokali ɗaya.

Alhamis, 5 ga Yuli

Asabar, 7 ga Yuli, da azahar

Mutane na ta shigowa ta'aziyyar Bintu. Na ari tabarmi biyu daga maƙwabta. Darakta ya zo da sauran mushe-mushe, suka yi addu'a suka tafi. Yaya na ɗaka, zanin goyon na ninke a cinyarta, ta hana a wanke.

Inna Hajjo ma ta zo da sandarta, ban san wa ya gaya mata ba. Ta yi wa Yaya gaisuwa. Da za ta fita na miƙa mata gafakar, na ce na gama. Ta ce, "Har ka kwafe duka?" Na ce abin da zan iya ke nan. Ba ta san kome ba, baiwar Allah.

Litinin, 9 ga Yuli, da hantsi

An yi ruwa mai yawa jiya. Masu sauran iri suna shuka yau.

Alhamis, 12 ga Yuli, da la'asar

Sun tafi. Gambo ya samu kamiyon da zai sauke su Magarya, daga can su nemi hanyar Kano. Ba abin da za su koma yi a Tirmini.

Da safe ya fita ya kai kayansu tasha. Yaya na zaure tana ɗaure ƙulli. Na tsaya a kanta.

Na ce, "Yaya, zanen nan da na nuna muku. Ba ruwa ba ne. Fara ce."

Ta ce, "Ai ni na faɗa maka tun ranar. Bar shi, ya wuce." Ta ci gaba da ɗauri.

Da na tsaya nan da shi ke nan. Na ce, "Na sani kafin ku shuka. Ƴar mai zanen ta gaya mini."

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. 

"Yaushe?"

"Laraba."

"Muka shuka Lahadi."

Na ce e.

Ta ƙirga da yatsu, a hankali, tana faɗa. "Alhamis. Juma'a. Asabar." Sannan ta ɗago ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, ni kuwa zagin nake roƙo a raina.

"Me ya hana ka zuwa?"

Na ce kunya.

"Kunya," in ji ta. "Tirmini tafiyar wuni ɗaya ce a ƙafa, Suma'ila. Ni na yi ta da Bintu a bayana."

Muka ji sallamar Gambo daga waje, yana cewa a yi sauri direba na jira. Ta ɗora ƙullin a ka. Na miƙa hannu in taya ta, ta kauce.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kada ka gaya masa. Ko da wasa. Shi har yanzu addu'a yake maka, kuma addu'ar nan kaɗai ta rage masa."

Na raka su tasha. Gambo ya riƙe hannuna har aka tada mota, yana cewa in yafe musu ɗawainiyar da suka sa ni. Yaya ta zauna ta wancan gefen, inda ba na ganin fuskarta.